Kintatar Ma'anar Baƙuwar Kalma: Larabcin Zaure da Sinancin Fatake a Birnin Kano

Duk mai koyon wani harshe yakan iske kalmar da bai taɓa ji ba, alhali ba malami kusa, ba ƙamus a hannu. Abin da yakan yi shi ne ya kintata. Wannan kintace ba aibi ba ne, domin da shi akan koyi galibin kalmomin kowane harshe. Abin bincike dai shi ne a kan me ɗalibi ya dogara, da kuma inda madogarar tasa takan yaudare shi. Birnin Kano wuri ne da ya dace da wannan nazari, gama mutanensa sun daɗe suna fama da Larabci, tun zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), ga shi kuma fatauci ya haɗa jikokinsu da Sinanci.

A zaurukan ilmi na cikin gari, irin na Madabo da ta shahara da karatun Muhtasar, ɗalibi yakan karanto nassi, malam ya bi shi da fassara kalma kalma. Daga Ahalari zuwa Ishmawi, zuwa Risala, ba a bar wa ɗalibi sararin kintace sosai ba. Sai ya kai ga littattafan lugga, kamar Muƙamatul Hariri, ko ya zauna muɗala'a shi kaɗai, sa'an nan ya fara dogara ga kansa.

Madogararsa ta fari ita ce saiwar kalma. Yawancin kalmomin Larabci an gina su ne a kan baƙaƙe uku. Wanda ya san kaf, ta da ba suna ɗauke da ma'anar rubutu, in ya ga katib ko maktub ba zai ɓata ba. Amma daga waɗannan baƙaƙe ne aka sami katiba, watau rundunar mayaƙa. Haka kuma saiwar da ta ba da magariba ita ce ta ba da garib, baƙo, da gurab, hankaka. Masana sukan ƙulla dangantaka tsakanin irin waɗannan, wani lokaci da hujja, wani lokaci da ƙarfin hali kawai, amma ƙullin yakan zo ne bayan an riga an san ma'anar. Bai taimaki ɗalibin da ke tsaye gaban kalmar ba.

Ta biyu ta fi haɗari, ita ce aron da Hausa ta yi wa Larabci. Kalmar da ɗalibi bai sani ba sam takan tsai da shi ya yi tambaya. Wadda ya ga kamar ya sani kuwa sai ya wuce ta da sauri. Tajir a Larabci ɗan kasuwa ne, ko da jarinsa bai taka kara ya karya ba, amma attajiri a Hausa mai dukiya ne. Shugul aiki ne, shagali kuwa biki ne da annashuwa. Wasiƙa a asalinta takardar shaida ce, muhajir kuma mai ƙaura ne, ba yaro mai allo ba. Kowace ta sauya hali bayan ta zauna a ƙasar Hausa, kamar baƙon da ya daɗe har ya yi aure.

Akwai ma kalmomin da ke ɗauke da ma'ana da kishiyarta. Mafi shahara ita ce ƙur'u, wadda jam'inta ya zo a ayar idda ta Suratul Baƙara. Malikawa sun ɗauke ta da ma'anar tsarki, Hanafawa da ma'anar haila, lissafin iddar mace kuwa ya rataya a kan wannan. Inda manyan limamai suka saɓa, ɗalibi ba shi da hurumin kintace.

Daga ganuwa zuwa Kantin Kwari tafiya kaɗan ce. 'Yan kasuwarta, da yawansu mazauna cikin gari, sun riƙa zuwa Guangzhou da Yiwu sayo yadi da atamfa, Sinawa kuma suka zo Kano da hajarsu, har samari suka shiga koyon Sinanci don tafinta. Abin mamaki, matsalar da suka tarar 'yar'uwar ta zaure ce, ko da yake harsunan biyu ba su haɗa dangi ba.

Rubutun Sinanci ba na baƙaƙe da wasula ba ne. Kowace alama gaɓa ɗaya ce mai ma'ana, mafi yawan alamomin kuma haɗin yanki biyu ne: ɗaya na nuna fagen ma'ana, ɗaya na nuna furuci. Ƙamus na Kangxi, wanda aka kammala a 1716, ya jera alamomin ƙarƙashin tushe 214. Ɗalibin da ya gane tushen ruwa zai same shi a alamar kogi, da ta teku, da ta wanki, sai ya ji daɗi. Can kuma sai ya same shi a alamar fa, wadda ke nufin doka. Ga katiba ta sake fitowa da wata riga. Alamar uwa kuma haɗin mace ce da doki, ba don wata dangantaka tsakaninsu ba, sai don doki sunansa ma, uwa ma ma. Wanda ya ɗauki yankin furuci a matsayin na ma'ana zai ƙaga labari mai daɗin ji, maras tushe.

Harɗaɗɗun kalmomi sun fi sauƙi ga Bahaushe, domin harshensa na yin irinsu. Huoche, keken wuta, shi ne jirgin ƙasa; diannao, ƙwaƙwalwar lantarki, ita ce kwamfuta. Wanda ya saba da gidan waya da farar hula ba zai sha wuya a nan ba, kuma ya san farar hula ba hula ake nufi ba. Saboda haka bai kamata ya firgita ba in an ce masa dongxi, gabas da yamma, ma'anarta abu ko kaya, mashang, bisa doki, ma'anarta nan take, mahu kuwa, doki da damisa, ganganci ne.

Karin sauti shi ne inda Bahaushe ya fi Bature sa'a, tun da kunnensa ya saba rarrabe kalmomi da hawa da saukar murya. Sai dai Sinancin Mandarin kari huɗu gare shi, ba su kuma yi daidai da na Hausa ba. Mai da karin da ke sauka ya sake hawa tana nufin saya. Mai da kari mai faɗuwa tana nufin sayar. Tafintan da ya kintaci ɗaya a madadin ɗaya ya juya ciniki kansa ƙasa. Malaman lugga za su tuna shara ta Larabci, wadda ita ma ta haɗa saye da sayarwa.

To, me malamin kwalejin horon malamai zai ɗauka? Hana kintace ba shi yiwuwa, kuma tsarin da malami ke fassara kowace kalma yakan fitar da ɗalibi mai daidaito amma mai jinkirin tsayawa da ƙafarsa. Abin da ya fi shi ne a sa ɗalibi ya kintata a fili, ya faɗi hujjarsa: daga saiwa ya ɗauko, ko daga kama da Hausa, ko daga zubin jimla? Hujjar jimla ita ce mafi ƙarfi, domin katiba ba ta zuwa sai inda ake zancen dawaki da takubba, mai kuma takan zo tare da wanda ke miƙa kuɗi ko wanda ke karɓa. Bayan haka a buɗe ƙamus a gaban aji a gwada. Kalmomin aro da suka sauya ma'ana kuwa sun cancanci darasi nasu daban tun shekarar fari, a jera kowace da ma'anarta ta Larabci gefe guda, ta Hausa gefe guda.