'Yar'uwa, Duba Madubin Motar Kafin Ki Shiga

 Yau zancen madubi na zo mana da shi. Na san wata za ta ce ai an zo gidanmu, domin babu ɗakin macen da za a shiga a rasa madubi, kuma babu wadda za ta fita unguwa ba ta tsaya gabansa ta gyara ɗaurin ɗankwali ba. To, amma ba wannan nake nufi ba. Wanda nake nufi shi ne na gefen mota, ɗaya hagu ɗaya dama, wanda da yawanmu muke shiga mota mu fita ba mu lura ko yana nan ko ba ya nan ba.

Ga abin da ya jawo maganar. A hutun makaranta da ya wuce na tashi daga Zariya zan tafi Kano gaishe da gwaggona da ba ta da lafiya. Motar haya ce irin mai dogon baya, an cika bayanta da buhuna da jakunkuna har rufi. Ni aka ba kujerar gaba. Da na zauna sai na ga inda madubin dama ya kamata ya kasance babu kome sai guntun ƙarfe da wayoyi suna reto. Na ce, "Malam direba, ina madubin wannan gefen?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai wannan na ado ne. Shekarata goma sha biyar a kan hanyar nan." Fasinjoji suka taya shi dariya. Kunya ta kama ni, na ja bakina na yi shiru.

Mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan sai muka tarar da wata tirela a gabanmu. Direba ya fita ta hagu ya soma wuce ta, sa'an nan ya karkato zai koma hannunsa na dama, a zatonsa ya gama wucewa. Ashe da saura. Ba mu ankara ba sai ƙarar ham da ƙugin birki, ko'ina salati. Da na waiga, hancin tirelar nan yana dab da ƙofar baya, inda wata mai jego ke zaune da jaririnta a cinya. Direba ya fizge sitiyari ya koma hagu, Allah ya kiyaye. Aka yi tsit. Can sai wata tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, da ka ji maganar yarinyar nan." Bai ce uffan ba har muka shiga Kano.

Tun daga ranar nake tunani. Laifin direba a fili yake, amma ni ma ina da nawa, domin na ga aibin da idona, na kuma zauna saboda kada a ce na cika iyayi. Shi ya sa na ga ya kamata mu san aikin wannan ɗan gilashi, don in mun yi magana mu yi ta da hujja.

AIKIN KOWANE MADUBI

Ƙaramar mota madubi uku gare ta: na ciki, na hagu da na dama. Na ciki yana nuna abin da ke biye da mota ta gilashin baya. In an cika baya da kaya, ko fasinjoji sun yi yawa, ko mun sha manyan ɗauri za mu biki, to, shi ke nan ya tashi daga aiki.

Iyayenmu suna ba da labarin ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, lokacin da ƙasar nan ta bar tuƙin hannun hagu ta koma hannun dama. Tun daga nan direba a hagun mota yake zama, kuma ta hagu ake wuce motar da ke gaba. Saboda haka da madubin hagu direba ke duba ko akwai mai tahowa a guje kafin ya hau babbar hanya, ko kafin ya fita ya wuce wani. Da na dama kuwa yake tabbatar da ya gama wucewa kafin ya koma hannunsa, da shi kuma yake ganin mai babur ko mai Keke Napep da ya kutso ta gefen titi sa'ad da zai tsaya ko zai sha kwana. Kun ga ke nan wanda direbanmu ya kira na ado shi ne ya kusa ja mana.

Wata za ta ce, to, ba sai ya waiwaya ba? A cikin gari, inda ake tafiya sannu, waiwaye yakan taimaka. Babbar hanya mai tagwayen titi ita ce wani abu dabam. Iyakar gudun da doka ta yarje wa ƙaramar motar gida a irin wannan hanya shi ne kilomita 100 a awa guda. 'Yan makaranta ku ɗauki fensir ku yi lissafi: mita 100,000 a raba da daƙiƙa 3,600, za ku sami kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direban da ya juya kansa baya na daƙiƙa biyu kacal ya ci mita 56 ke nan ba ya ganin gabansa, watau fiye da rabin tsawon filin ƙwallo. A cikin wannan tazara motar gaba tana iya taka birki, akuya tana iya gilmawa, rami yana iya ɓullowa. Har wa yau, in mutum ya juya kafaɗarsa sosai, hannunsa yakan ja sitiyari ya bi ta ba da saninsa ba. Duban madubi kuwa ƙiftawa da bismilla ne.

Akwai kuma wani abu da ya kamata a sani game da madubin dama. Gilashinsa yana da ɗan tudu, ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar namu na ɗaki. An yi shi haka don ya kwaso fili mai faɗi, amma sai ya riƙa nuna abu ƙarami, kamar yana nesa alhali yana kusa. Ki ɗauki cokali mai ƙyalli ki dubi fuskarki a bayansa, za ki gane abin da nake nufi. Wannan ne dalilin ɗan rubutun Turancin nan da ake gani a jikin wasu madubai, gargaɗi ne cewa abin da aka hango ya fi yadda ake zato kusa. Kuma ko madubai ukun duk suna nan, akwai wani ɗan wuri daura da ƙofar baya da ba sa kamawa, sai direba ya ɗan saci kallo ta kafaɗa. To, in mai madubi uku yana da inda ba ya gani, ina ga wanda ya rasa ɗaya?

ME DOKA TA CE?

Dokar hanya ta ƙasar nan ta wajabta wa mai mota ya sa madubin da direba zai riƙa ganin abin da ke bayansa. Madubi yana cikin abubuwan da jami'an duba lafiyar motoci, waɗanda muka fi sani da VIO, suke dubawa tare da birki da fitilu da tayoyi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ita ma jami'anta suna da ikon tsayar da motar da suka ga tana da naƙasa. Saboda haka wanda ya hau hanya da guntulallen madubi, in an tare shi an ci shi tara, kada ya ce an zalunce shi.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan doka ba. A Ingila, inda har yanzu suke bin hannun hagu, direba yana zaune a dama, duk ƙaramar motar da ta fara aiki daga 1978 lalle ne ta kasance da madubi biyu aƙalla, kuma dole ɗaya ya zama na waje ta gefen direba. In babu shi, motar ba za ta ci gwajin lafiyar da ake yi wa motoci shekara-shekara ba.

Amma 'yan'uwa, kada mu tsaya ga tsoron tara. Wani direba zai ce ai na gefensa yana nan, jami'i ba zai matsa masa ba. Ko da ya wuce shingen jami'ai lafiya, tirelar da ke gefensa ba ta san da wannan hujja ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce mutane kusan miliyan 1.19 ke rasa rayukansu kowace shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Waɗannan su ne 'ya'yanmu da ƙannenmu. Mun yi imani ajali ba ya wuce lokacinsa, amma addininmu bai ce a bar dabba sake a ce an yi tawakkali ba.

ABIN DA ZA KI IYA YI

Ke uwargida, ko ba kya tuƙi kina da ta cewa, tunda ke da 'ya'yanki ake ɗauka. In madubin motar gida ya karye, ko ɓarayi sun cire shi a kasuwa, kada ki bari sai an ɗaura kayan tafiya sa'an nan ki tayar da maganar. Ki sami maigida lokacin da ya ci abinci ya huta, ki ce, "Malam, kafin tafiyar nan ta Sallah, da an taimaka an mayar da madubin nan, hankalina zai fi kwanciya saboda yara." Magana mai daɗi ita ke jawo wa maza hankali, ba gori ba. Kuɗin madubi, ko sabo ko na hannu a wajen masu sayar da kayan gyara, bai kama ƙafar kuɗin jinyar wanda ya yi haɗari a gadon asibiti ba. In an sa, a kai wa masu zana lambar mota a jikin gilashi, domin ɓarawo ba ya son kayan da ke da shaida.

Na taɓa ganin wanda ya ɗaure ɗan madubin kwalliya da roba a gefen motarsa. Wannan ba magani ba ne. Ƙarami ne, rawa yake yi in iska ta buge shi, kuma in ya fashe tarwatsewa zai yi. In madubi ya karye ana tsakiyar tafiya, sai a rage gudu, a tsaya a hannun dama, a daina wuce motoci, har a kai gari na farko inda za a sami bakanike.

Ke kuma da kike tuƙa kanki zuwa wurin aiki ko kai yara makaranta, ki gyara madubanki tun kafin ki tayar da mota, yadda za ki ga ɗan gefen motarki kaɗan, sauran duk titi. In kin naɗe su saboda ƙuncin lungu, ki tuna ki buɗe kafin ki hau titi. Ki goge ƙura, musamman da hunturu. Duk sa'ad da za ki sake hannu, ki fara duba madubi, ki ba da sigina, ki saci kallo ta kafaɗa, sa'an nan ki juya. Kuma don Allah madubin ciki ba na gyaran janbaki ba ne.

In motar haya za ki shiga, ki zagaya ta tun a tasha kafin ki biya kuɗi. Ki dubi madubai da tayoyi, ki ga ko kaya sun toshe gilashin baya. In ba ta yi miki ba, ki gaya wa 'yan kamasho za ki jira ta gaba. Za a yi miki dariya kamar yadda aka yi mini, amma dariya ba ta karya ƙashi. In mata uku ko huɗu suka haɗa baki suka ƙi shiga, direban da bai ji tsoron hukuma ba zai ji tsoron tashi da kujeru wayam.

GARE KU 'YAN MAKARANTA

Na tambayi 'yan ajina su nawa ne suke hawa babur zuwa makaranta, hannuwa da yawa suka tashi. Na ce su nawa ne suka taɓa duba ko babur ɗin yana da madubi, sai aka yi ta kallon juna. Samari da yawa masu acaɓa da gangan suke kwance madubin sabon babur, wai ya fi kyau haka. Irin wannan mai babur bai san abin da ke bayansa ba sai ya ji ham, ke kuwa da ke zaune a baya ke ce kusa da abin da ke tafe. Ki bar shi ya wuce, ki tsayar da mai madubi.

In kuna tafiya a ƙasa ko a kan keke, kada ku raɓi gefen babbar mota, balle a kwana. Ga ma'auni mai sauƙi: ki ɗaga kai ki dubi madubin motar. In ba ki hango fuskar direba a ciki ba, to, shi ma bai gan ki ba. Ku kuma haddace lamba 122, ita ce ta kiran jami'an kiyaye haɗurra kyauta in an yi haɗari a hanya. Ku koya wa ƙannenku, ku gaya wa iyayenku cikin ladabi.

Da na dawo daga Kano, sai da na zagaya motar da zan shiga sau biyu. Wani yaron mota ya ce, "Hajiya, saye za ki yi?" Na ce a'a, raina zan ba ku ajiya har Zariya. A wannan karon ban ji kunya ba.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya, amin. Sai mun sake saduwa a wannan fili. Ku huta lafiya.