Hanyoyin DMA a kwamfuta: yaushe direba ke karɓa, yaushe yake saki?

Masu gyaran tsofaffin kwamfutoci sun san wannan matsala: da an saka katin sauti, sai wata na'ura ta ƙi aiki. Sau da yawa rigimar a kan hanyoyin DMA take, wato hanyoyin da na'ura ke bi ta zuba bayanai kai tsaye cikin RAM ba tare da ta ɗora wa furosesa nauyin jigilar ba.

Hanyoyin ba su da yawa. Kwamfutar da kamfanin IBM ya fitar a 1981 tana da huɗu kacal. A 1984 aka ƙara su zuwa takwas, masu lamba 0 zuwa 7, amma ta 4 aikinta haɗa sauran ne, ta 2 kuma an ware ta ga faifan disket. Ragowar su ne katin sauti da sauran na'urori ke wasoso a kansu.

Kowace na'ura tana da manhajar da ke tuƙa ta, wadda ake kira direba, ko "pilote" da Faransanci. Idan direba ya riƙe hanya tun daga kunna kwamfuta, zai hana wasu ko da ba ya komai da ita, kamar mai aron guga da ya ajiye shi a ɗaki alhali jama'a na jira a bakin rijiya.

Shi ya sa a tsarin Linux ake ba masu rubuta direba shawara su nemi hanya lokacin da aka fara buɗe na'urar don aiki, su kuma mayar da ita idan mai amfani na ƙarshe ya rufe. Direban yana ƙirga masu buɗewa, don kada ya saki hanyar alhali wani bai gama ba. Idan ya tarar wata na'ura ta riga shi, sai ya sanar cewa hanyar ba ta samu ba. Fayil ɗin /proc/dma yana nuna wanda ke riƙe da kowace hanya.

Sakin ma yana da ƙa'ida. Dole a tsayar da jigilar kafin a mayar da hanyar da wurin da aka ware cikin RAM. In ba haka ba, na'urar za ta ci gaba da zuba bayanai a wurin da aka riga aka ba wata manhaja, abin da kan lalata aiki ko ya sa kwamfuta ta sanƙare.

Katunan PCI na zamani galibi suna yin jigilarsu da kansu, don haka rigimar ta ragu. Amma a wayoyin salula da ƙananan na'urori har yanzu ana raba hanyoyin DMA, kuma inda suka yi kaɗan, wannan ƙa'ida ce ke sa kowace na'ura ta samu rabonta.