Yama: Masallacin da Ya Gina Magininsa

Wanda ya taɓa zama da 'yan ci-ranin Adar a Ajame ko Tireshbil, cikin birnin Abijan, ya san hirarsu ba ta wuce gida: damina, gero, da wanda ya tayar da sabon ɗaki. A wannan ƙasa tasu ta Adar, cikin jihar Tawa a Nijar, ƙauyen Yama yake, kuma masallacin Juma'a ne abin alfaharinsa.

A 1962 dattawan garin suka yanke shawarar gina shi, suka damƙa aikin ga Falke Barmu, manomi kuma magini ɗan garin. Gayya aka yi. Wasu na kwaɓa ƙasa da ciyawa, ƙafafu cikin taɓo har ƙauri, wasu na jera tubali a rana, masu ɗibar ruwa na kai da kawowa. Abin da ya fito ɗaki ne mai kusurwa huɗu, ginshiƙai na riƙe da rufinsa.

Ginin ƙasa ba ya sallamar mai shi. Kowace damina sai ta bar masa saƙo a jikin bango. Nan Falke ya yi karatunsa. Da rufin ya nemi gyara a 1975, bai tsaya ga faci ba: ya ɗora shi kan bakan gizo, ya tayar da tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da kamanninta, ba wadda ta kwaikwayi 'yar'uwarta. Shekara 20 yana gina masallacin, masallacin kuma yana gina shi. Aikin ya bar darasi: a yi aiki da ƙasar da ake takawa, da hannun mutanen da za su yi salla a ciki, a bar wa gini damar girma. A 1986 aikin ya sami lambar yabo ta Aga Khan.

Darasin bai tsaya a Yama ba. A ƙauyen Dandaji, masu zanen gine-gine Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu a 2018, maimakon a rushe shi.

Ɗan ci-ranin da ke aiko da kuɗin siminti da kwano, ka ware wani abu domin yaɓen ginin kakanninka. Gwanintar da ba a ba ta aiki, tare da mai ita ake binne ta.