Wa Jami'a Take Ɗauka Aiki?

A shekarar 2018 aka kafa Jami'ar Jihar Zamfara a Talata Mafara. Yanzu yaran Mafara da Bakura da Maradun ga jami'a a ƙofar gidansu. To, idan ta yi shelar neman ma'aikata, wa take ɗauka?

Ma'aikatan jami'a kashi biyu ne: malamai da waɗanda ba sa koyarwa. Matakin farko na malanta na mai digirin farko ne, wanda ya fita da daraja ta ɗaya ko babbar daraja ta biyu, kuma ya gama bautar ƙasa. Mai digiri na biyu yakan fara da mataimakin lakcara. Babban lakcara kuwa sai mai digiri na uku. Shi ko farfesa, sai ya daɗe yana koyarwa, kuma farfesoshin wasu jami'o'i sun auna rubuce-rubucensa sun gamsu.

Kashi na biyu su ne ma'aikatan ofishin magatakarda da na ma'aji, da na laburare, da direbobi. Mai babbar difloma daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau zai iya neman aikin ɗakin gwaje-gwaje.

Amma ɗan'uwa ɗalibi, ka lura. Wanda bai ci kiredit biyar a jarrabawar fita sakandare ba, har da Turanci, ba zai shiga jami'a ba, balle ya koyar a cikinta. Saboda haka mu dage tun daga aji ɗaya. Da rarrafe yaro kan tashi.