Takaddamar Nijar da Bénin: inda sukar gwamnati ta tsaya, inda ƙyamar jama'a ta fara

Tun bayan juyin mulkin 26 ga watan Yulin 2023 a Yamai, dangantakar Nijar da Bénin ta yi tsami, kuma muhawarar ba ta tsaya a fadojin gwamnati ba. Ta gangaro tashoshin mota, kasuwanni da zaurukan WhatsApp, daga Zongon Parakou har zuwa Onklou, ɗaya daga cikin gundumomi 12 na Djougou. Hausawan wannan yanki, waɗanda da dama cikinsu 'yan Bénin ne a takarda amma suna da dangi a Gaya, Dosso ko Sakkwato, sun fi kowa buƙatar sanin bambancin sukar gwamnati da zagin al'umma, domin duk ɓangaren da aka zaga, nasu ne.

Abin da gwamnatocin suka yi

Bayan juyin mulkin, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi. Bénin ta rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, Nijeriya kuma ta katse wutar lantarkin da take sayar wa Nijar. A ranar 24 ga Fabrairun 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumin, Bénin ta buɗe nata ɓangaren, amma Nijar ta bar nata a rufe bisa zargin cewa akwai sansanonin sojan Faransa a arewacin Bénin, zargin da hukumomin Kwatano suka musanta.

Daga nan rikicin ya koma kan mai. Bututun da kamfanin CNPC na China ya shimfiɗa, mai tsawon kusan kilomita 2,000, yana ɗauko ɗanyen mai daga Agadem zuwa tashar ruwa ta Sèmè-Kpodji, kuma ya ratsa jihar Borgou. A watan Mayun 2024 shugaba Patrice Talon ya hana jiragen ruwa lodin man, yana mai cewa ba za a yi cinikin mai da iyaka a rufe ba. China ta shiga tsakani, jirgin farko ya yi lodi. A watan Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar, kotun CRIET ta yanke wa uku ɗaurin jeka-ka-gyara-halinka na wata 18, Nijar kuma ta rufe bututun. Sai bayan tsofaffin shugabanni Nicéphore Soglo da Boni Yayi sun je Yamai aka koma fitar da man a watan Agusta.

Talaka ne ya ɗanɗana kuɗar wannan ja-in-ja. Parakou ta daɗe tana cin abinci da hanyar Nijar, tun zamanin da jirgin ƙasan Kwatano ke tsayawa a nan a juye kaya cikin manyan motoci. Direbobi, 'yan dako da masu albasa duk sun ji a jikinsu. Ga kuma tsadar kpayo, fetur ɗin Nijeriya da ake sayarwa a kwalabe bakin hanya, wanda ya tashi bayan shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Saboda haka fushin jama'a yana da dalili. Abin dubawa shi ne kan wa ake sauke shi.

Ma'aunin da ke raba biyun

Suka tana nufar mataki ne da wanda ya ɗauke shi. Mutumin da ya ce rufe gadar Malanville ya karya 'yan kasuwa, ko hana lodin mai ganganci ne, ko kuma Janar Abdourahamane Tiani ya kawo hujjar zarginsa, yana magana ne a kan abin da za a iya amsawa da hujja, kuma mai mulki zai iya sauya shi gobe. Ƙyama kuwa tana nufar abin da aka haifi mutum da shi. Da zarar magana ta koma «'yan Nijar butulai ne» ko «'yan Bénin yaran Faransa ne», an bar shugaba an kama mai shayi a Zongo ko tela ɗan Bénin a Yamai, waɗanda ba su sa hannu a kowace takarda ba.

Akwai kuma kuskure na biyu da ake yawan yi, wato ɗaukar duk wata suka a matsayin ƙiyayya ko cin amanar ƙasa. Bahaushen Djougou da ya soki Talon bai zama ɗan leƙen asirin Yamai ba, idan ya soki Tiani kuma bai juya wa danginsa baya ba.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan aka haɗe gwamnati da jama'arta. A ƙarshen 1963, lokacin takaddamar tsibirin Lété, gwamnatin Diori Hamani ta kori dubban 'yan Dahomey daga Nijar, ciki har da ma'aikatan gwamnati. Kotun duniya da ke Hague ta warware batun tsibirin a 2005, ta ba Nijar, amma hukuncin bai mayar wa waɗanda aka kora abin da suka rasa ba. Haka dokar korar baƙi ta Ghana a 1969 ta tarwatsa iyalai masu yawa a zanguna.

Abin da doka ta ce

Kundin dokokin sadarwar zamani na Bénin, Code du numérique na 20 ga Afrilun 2018, ya ware sassa na musamman don hukunta yaɗa kalaman wariya da ƙyamar baƙi, da barazana ko zagi saboda ƙabila, addini ko asali, da tunzura jama'a. Amma sashe na 550, wanda ya shafi muzgunawa ta hanyar sadarwa da yaɗa labarin ƙarya, shi ne ya fi jawo ce-ce-ku-ce. Da laifin muzgunawar ne aka yanke wa ɗan jarida Ignace Sossou ɗaurin wata 18 a Disamban 2019, saboda ya wallafa kalaman wani mai gabatar da ƙara a Twitter da Facebook. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin, ya fito a Yunin 2020. A Nijar ma, gwamnatin soja ta maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet a watan Yunin 2024, bayan an soke shi a 2022. Ƙungiyoyin kare 'yan jarida na ganin irin waɗannan dokoki sun fi saurin cafke mai sukar hukuma.

Waya ba ta ɓoye mai ita

A nan ne batun sirrin bayanai ya shigo. Tun bayan rajistar RAVIP ta 2017 zuwa 2018, mazauna Bénin na da lambar shaida ta NPI a hannun hukumar ANIP, layukan waya kuma da sunan masu su ake rajistarsu. Saƙon murya da aka tura zauren mutum ɗari yana iya fita daga zauren ya isa hannun hukuma tare da lambar wanda ya yi shi. A Nijar, wata doka ta Agustan 2024 ta kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci ko cutar da muradun ƙasa, wanda kan kai ga ƙwace shaidar zama ɗan ƙasa.

Kariyar bayanai ba ta tsaya kan gwamnati kaɗai ba. Wanda ya ɗauki hoton maƙwabcinsa da lambar wayarsa ya watsa yana kiransa ɗan leƙen asiri ya jefa rayuwarsa cikin haɗari, kuma wanda aka yi wa haka a Bénin na da damar kai ƙara gaban hukumar kare bayanan jama'a ta APDP ko kotu.

Don haka kafin a tura saƙo gaba, yana da kyau a duba ko ya ambaci mataki da wanda ya ɗauke shi, ko kuwa ƙabila da ƙasa ya yi wa kuɗin goro, sannan a tabbatar babu suna, hoto ko lambar wani da bai yarda ba. Djougou ta girma ne a kan hanyar fataken goro daga Kano zuwa Gwanja, inda Yom, Dendawa da Hausawa suka zauna tare tun kafin a shata iyakokin yau, kuma ko gadar Malanville na buɗe ko a rufe, a kasuwa ɗaya za su ci gaba da haɗuwa.