Masu Kai Kukan Mutanen Kan Iyaka

Ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, shugabannin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, suka zauna a Abuja suka ba da umarnin rufe iyakokin Nijar. Babu manomin Zabori ko ɗan tiredar Gaya a zauren, amma a kansu hukuncin ya sauka. Gadar da ta haɗa Gaya da Malanville ta rufe, manyan motocin da suka taso daga tashar ruwan Kwatano suka yi jerin gwano a ɓangaren Benin, Najeriya ta yanke wutar lantarki, shinkafa da magani suka yi tsada. Mai sauran ƙarfi ya koma ƙetare kogi cikin kwalekwale.

A irin wannan hali ake gane amfanin mai kai kuka. Turawan Ingila na kiran aikin advocacy, daga kalmar Latin advocatus, wato mutumin da ake kira ya tsaya gefen mai ƙara a kotunan Rum. Daga tushen nan Faransanci ya samo avocat, lauya ke nan, ko da yake ƙungiyoyin farar hula a Yamai sun fi cewa plaidoyer. A yau aikin ya wuce kotu, ya haɗa da duk wanda ya ɗauki damuwar wasu ya kai gaban mai iko. Ya bambanta da mai shiga tsakani, wanda ba ya ɗaukar ɓangare. Mai kai kuka yana da ɓangare, kuma ba ya ɓoyewa.

Bahaushe ya daɗe da sanin wannan hanya. Talaka kan bi ta wajen mai unguwa, mai unguwa ya kai wa hakimi, hakimi ya isar wa sarki, domin ana jin magana ne gwargwadon mutuncin wanda ya kawo ta.

Haka aka yi a 2023. Sanatocin arewacin Najeriya, waɗanda jihohinsu irin su Kabi, Sakkwato da Katsina ke maƙwabtaka da Nijar, suka fito fili suka ƙi amincewa da yaƙin da CEDEAO ta yi barazanar kai wa Nijar, Majalisar Dattawa kuma ta nemi a bi hanyar sulhu. Ranar 9 ga Agusta, Muhammadu Sanusi II, tsohon Sarkin Kano a wancan lokacin, ya gana da jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani, a Yamai, a lokacin da wakilan ƙasashe ke dawowa ba su ga fuskarsa ba. Kwanaki kaɗan bayan nan tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta bi sahu. Sun je ne da sunan sulhu, amma hujjarsu ta mutanen kan iyaka ce: jini ɗaya, kasuwa ɗaya, auratayya tsakanin Gaya da Kamba tun kafin Bature ya ja layi.

A Fabrairun 2024 Janar Yakubu Gowon, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa CEDEAO a 1975, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana roƙon a ɗage takunkumin. Ranar 24 ga watan aka ɗage. Ba roƙo kaɗai ya jawo haka ba, don tun a Janairu Nijar, Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewa daga ƙungiyar, abin da ya girgiza Abuja. Sai dai masu kai kuka ne suka hana a manta da wahalar talaka. A watan Maris iyakar Najeriya ta buɗe.

Ta ɓangaren Benin lamarin ya fi tsauri. Kwatano ta buɗe nata gefen, Yamai ta bar nata a rufe bisa dalilan tsaro, rikicin kuma ya shafi bututun man da ya taso daga Agadem zuwa Seme. A Yunin 2024 tsofaffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, suka je Yamai roƙo. An karɓe su da girmamawa, amma gadar ba ta buɗe ba, kaya suka ci gaba da zagayawa ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da haɗari, kuɗinta kuma mai sayen mudun shinkafa a Zabori ke biya.