Ciwon Hannu Ga Masu Busa Sarewa

Mutane da dama suna ɗauka cewa wahalar mai busa a ƙirjinsa take, watau a wajen riƙe numfashi. Amma likitocin da ke duba makaɗa sun daɗe da lura cewa abin da ya fi raba mai sarewa da sana'arsa shi ne hannu. A wani bincike da aka buga a Amurka cikin 1988, wanda ya haɗa makaɗa fiye da 2,000 na manyan ƙungiyoyin kiɗa, kashi 76 cikin ɗari sun ce sun taɓa fama da wata lalura da ta kai ga ɓata masu aiki.

Sarewar da makiyayi ke yi da kara ba ta da nauyi. Ta Turawa kuwa, irin wadda ake gani a hannun 'yan badujalar soja da na 'yan sanda, ƙarfe ce mai tsawon wajen santimita 67, wadda wani Bajamushe mai suna Theobald Boehm ya tsara a birnin Munich cikin 1847. A gicciye ake riƙe ta zuwa dama, kuma wurare uku kaɗai ke tallafe da ita: haɓa, da gindin manunin hagu, da babban yatsan dama. Sauran yatsu aikinsu taɓa maɓallai. To, a nan matsalar take. Hannun hagu yakan lanƙwashe a wuyansa na tsawon sa'o'i, ga shi kuma ƙarfen yana danne wata 'yar jijiya da ta bi ta gefen manuni, har yatsan ya mutu, mutum ya riƙa jin kamar kiyashi na yawo a ciki.

Wurin da yatsu suka mutu yakan nuna wa likita inda cutar take. In babban yatsa ne da manuni da na tsakiya, galibi jijiyar da ta ratsa wuyan hannu ce ta matsu. In kuwa ƙaramin yatsa ne da na kusa da shi, sai a duba gwiwar hannu.

Sau da yawa laifin na sarewar ne. Idan 'yan faifan da ke toshe ramuka suka tsufa, iska takan zurare, mai busa kuwa ya yi ta ƙara matsa yatsu bai sani ba. Gyaran da bai fi na yini ɗaya ba kan kawar da ciwon watanni. Akwai kuma sarewar da aka ɗan fito da maɓallin yatsan zobe na hagu waje domin kada yatsan ya yi ta miƙewa, da wani ɗan matashi na roba da ake maƙalawa inda babban yatsa ke zama. Malaman busa suna ba da shawarar a fara da sassauƙan sauti kafin a shiga mai wuya, a riƙa ajiye sarewa ana hutawa bayan kowane minti 20 ko 30, kada kuma a ninka lokacin gwaji dare ɗaya saboda biki ko jarrabawa ta matso. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi kayar da ɗalibai.

Har ila yau akwai wata lalura mafi tsanani wadda ba ta cika zuwa da zafi ba. Yatsa kan ƙi bin umarni, ya riƙa naɗewa da kansa da zarar an ɗauki kayan kiɗa, tushenta kuwa a ƙwaƙwalwa yake. Ita ce ta kama Leon Fleisher, shahararren mai kaɗa fiyano na Amurka, cikin 1964. Yatsunsa biyu na dama suka naɗe, ya yi kusan shekara 30 yana kiɗa da hagu kaɗai, kafin allurar Botox ta taimaka masa ya koma ga hannu biyu. Ya rasu cikin 2020. Masu sarewa ma tana kama su, kuma ƙara yawan gwaji ƙara ta yake yi.

Abin takaici, mai busa da yawa kan ɓoye ciwonsa don tsoron kada a ba wani gurbinsa, ya yi ta shan maganin kashe zafi yana ci gaba. Likitoci sun ce in ciwo ya wuce mako biyu duk da hutu, ko yana tada mutum daga barci, ko abu ya fara suɓucewa daga hannu, a tafi asibiti ba da jinkiri ba, a kuma tafi da sarewar domin likita ya ga yadda ake riƙe ta.